Tagulla ko faiba: wace waya zan ja tsakanin gine-ginena biyu?

Tambaya: Ina da cibiyar koyar da kwamfuta a Samaru, kuma na kama wani ɗaki a wani gini mai nisan mita 140 daga inda na'urar rarraba intanet take. Wani mai shago a Sabon Gari ya ce Cat6 ta ishe ni, wani kuma ya ce sai faiba. Wacce zan saya?

Amsa: Malam, nisan da ka ambata ya riga ya raba gardamar. Wayar tagulla ta haɗa kwamfutoci da ake kira Ethernet, ko Cat5e ce ko Cat6 ko Cat6a, an ƙayyade mata mita 100 ne, kuma idan aka zarce haka tana iya yin aiki ranar da aka haɗa ta, daga baya ta riƙa yankewa har a ɗora wa kwamfutoci laifi. Bambancin waɗannan wayoyi uku a gudun kai saƙo yake, wanda ake aunawa da gigabit. Ƙa'idar 1000BASE-T ta 1999 tana ba da gigabit 1 a daƙiƙa a kan Cat5e, ita kuwa 10GBASE-T ta 2006 tana buƙatar Cat6a kafin ta kai gigabit 10 a mita 100, domin Cat6 ba ta wuce mita 55 a wannan gudun.

Ko da nisan bai kai haka ba, da wuya in ba ka shawarar tagulla tsakanin gine-gine biyu, saboda duk wanda ya ga yadda ake tsawa a daminar Zariya ya san wayar ƙarfe da ta ratsa fili tana iya kwaso wuta ta ƙone na'urorin ɓangarorin biyu a dare ɗaya. Faiba zaren gilashi ne da haske ke bi, ba ruwanta da wannan.

Faiba iri biyu ce. Mai faɗin ciki, irin OM3, tana kai gigabit 10 har mita 300. Mai siririn ciki, wadda aka saba gani da rigar ruwan ɗorawa, tana kai kilomita 10 a ƙa'idar 10GBASE-LR, kuma ita na fi so maka. Ka sayi wadda aka riga aka sa wa kawuna, tare da ƙananan na'urori biyu masu juya saƙon faiba zuwa na tagulla, ka tabbatar irinsu ya dace da wayar, sannan a zura ta cikin bututun roba a binne ba tare da an lanƙwasa ta sosai ba.

A cikin ɗakin kuma Cat6 ta wadatar, sai dai ka duba kwalin da kyau. Idan ka ga an rubuta CCA, to alminiyam ne aka shafa wa tagulla, yana saurin karyewa kuma ba ya jure nisa. Ka nemi reza tun a shagon ka kankare silin waya ɗaya. Idan fari ya bayyana a ƙasa, ka mayar masa da kayansa.