Amsa: Ina zan samu tallafin yin mastas a fannin injiniya?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka gama injiniyan kanikanci a ATBU (Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, Bauchi), ka yi bautar ƙasa, yanzu kana son mastas amma ba halin biya. To ni dai shawarata ka fara da PTDF, asusun gwamnatin tarayya na bunƙasa fasahar man fetur, don su harkarsu man fetur da gas da makamashi ce, kuma suna kai ɗalibai Ingila da Jamus da Faransa da Malesiya, su biya kuɗin makaranta da na zama. Amma fa akwai intabiyu, za su so su ji yadda binciken da kake son yi zai amfani ƙasa, ka shirya wannan da kyau tun kafin a buɗe fotal ɗin neman tallafin a intanet.

TETFund kam, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, ka manta da ita sai in kana koyarwa a jami'a ko foliteknik ko kwalejin ilimi ta gwamnati, ta malamai ce. Chevening kuma, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, sai kana da gogewar aiki ta shekara 2.

Wadda nake ganin yaranmu na Bauchi ba sa kulawa da ita ita ce KFUPM, Jami'ar Sarki Fahd ta man fetur da ma'adinai da ke Dahran a Saudiyya, suna ɗaukar masu sakamako mai kyau kyauta har da alawus duk wata, karatun da Turanci ne, ga abinci da sallah ba matsala. KAUST, Jami'ar Sarki Abdullah ta kimiyya da fasaha a Saudiyya, ita ma haka.

Don Allah tun yanzu ka je harabar ATBU ta Yalwa ka fara bin transkirif ɗinka, wato takardar sakamakon karatunka, ka samu malamai 2 ko 3 da suka san ka sosai su rubuta maka wasiƙar shaida, sannan ka yi fasfo. Wace daraja ka fita da ita?