Amsa: RAM mai lamba 3200 amma kwamfuta na nuna 2133

Ka ce ka sayi RAM DDR4 mai lamba 3200, ka saka, amma kwamfutar na nuna 2133, kana tambaya ko an cuce ka ne. Ba a cuce ka ba, malam. Irin wannan RAM ɗin da ƙaramin gudu yake fara tashi, 3200 ɗin kuma yana cikin wani saiti da ake kira XMP, sai ka kunna shi da kanka. Danna Del ko F2 lokacin da kwamfutar ke tashi, ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod (babban allon da komai ke haɗe a kai), ka nemo XMP ɗin. A madabod ɗin ASUS na AMD, DOCP suke ce masa. Zai ɗaga wutar RAM ɗin daga bolt 1.2 zuwa 1.35, haka aka ƙera shi, kada ka tsorata. In kuma CPU-Z, manhajar duba kayan cikin kwamfuta, ya nuna maka 1600 daga baya, daidai ne, ninkawa biyu ake yi ya zama 3200.

Sai dai fa madabod da furosesa su ke da ta cewa. Na taɓa haɗa furosesa i5-10400 na Intel a kan madabod B460, na sha wahala kafin na gane RAM ɗin ba zai wuce 2666 ba ko me na taɓa. Sai madabod irin su Z490 ko B560 ke buɗe wannan ƙofar. Duba lambar madabod ɗinka tukuna. In ka kunna XMP kwamfutar ta ƙi tashi, zare wuta, ka cire ƙaramin batirin madabod na 'yan mintuna, saitin zai koma yadda yake.