Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan gidajen abincin gaggawa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki cewa yaranki sun kamu da son boga da soyayyar kaza da dankalin gidajen nan na gaggawa har sun fara ture girkin gida, ga kuma ƙaninki da aka yi wa tayin aiki a ɗaya daga cikinsu, kina son sanin ko illar da ake faɗa gaskiya ce ko zuzutawa. Wasu a nan sun ce miki guba ce tsagwaronta, wasu sun ce ki ƙyale yara su sarara. Ni na daɗe ina wannan aiki, daga gaban tukunyar suya har na kai ga kula da ma'aikata, don haka zan faɗa miki abin da ake gani daga bayan kanta.

Abu na farko da ake koya wa sabon mai karɓar kuɗi shi ne kada ya bar mai saye ya tafi da abu ɗaya. Kin ce boga kike so, zai ce, "A haɗa da dankali da lemo?" Kin amince, zai ƙara da, "A mayar da shi babba? Ɗan ƙari ne kaɗan." Na'urar kuɗi tana ƙirga sau nawa kowane ma'aikaci ya ci nasarar wannan, manaja kuma yana dubawa. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa riƙe littafin kaya. Nama da kaza suna da tsada, ribarsu ba ta taka kara ta karya ba. Lemon kuwa ruwan sukari ne mai kauri da ke zuwa cikin leda a kwali, na'ura ta gauraya shi da ruwa da gas, a cika kusan rabin kofin da ƙanƙara. Dankalin yana zuwa a yanke, a daskare, an riga an ɗan soya shi a masana'anta, 'yan mintoci a cikin mai ya isa. A waɗannan biyun gidan yake mayar da kuɗinsa, kuma su ne suka fi yi wa jikin yaranki ɓarna. Wannan shi ne abin da na fi so ki riƙe daga duk bayanina.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana. Ga babba, wajen giram 50 ke nan, cokalin shayi 12. Gwangwanin lemo mai gas ɗaya na mililita 330 yana ɗauke da kusan giram 35. Babban kofin da muke miƙawa ya wuce kason yini gaba ɗaya, kuma wannan lissafin na babba ne, ba na yaro ɗan shekara bakwai ba. Abin da ya ƙara muni, lemo ba ya ƙosarwa. Ya shiga, ciki bai san an ci komai ba.

Gishiri kuma hukumar ta ce ƙasa da giram 5 a rana. Mutane suna ganin wanda muke barbaɗawa a dankali yana fitowa daga mai, da zafinsa don ya kama, sai su ɗauka shi ke nan. Akwai shi a burodin, a garin da ake shafa wa kaza, a ruwan da aka jiƙa kazar tun daga masana'anta, a romon tumatir, a yankan cuku. Haɗi guda cikakke na boga da dankali da lemo yana iya kai mutum bakin iyakar yini kafin ya ci na dare. Daga nan hanyar hawan jini take, daga hawan jini kuma sai ciwon zuciya, ciwon ƙoda da shanyewar ɓarin jiki. Sannan abincin laushi gare shi, ba ya buƙatar tauna sosai, babu ganye ko dusar hatsi da za ta riƙe ciki. Cikin minti goma an gama, kafin jiki ya sanar da ƙoshi, bayan 'yan sa'o'i yunwa ta dawo.

A alƙaluman hukumar na 2022, mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba mai cutarwa, kuma a tsakanin manya abin ya fi ninki biyu tun 1990. Ba zan ɗora wannan duka a kan gidajen abinci ba, akwai yawan zama da rashin motsa jiki da kayan ƙwalam na shaguna. Kuma wanda ya ce miki cin boga ɗaya zai kwantar da yaro, ya wuce gona da iri. Yawan zuwan ne matsalar, shi ne kuma aka gina kasuwancin a kansa.

Shi ya sa aka fi farautar yara. McDonald's, babban kamfanin abincin gaggawa na Amurka, ya fitar da kwalin yara mai ɗauke da abin wasa a duk faɗin Amurka a 1979, sauran suka bi. Na sha ganin yaro ya buɗe kwali, ya zaro abin wasan, ya manta da abincin sai uwa ta matsa masa. Abin wasan kuma jeri ne, na wannan makon daban, na gaba daban, don a dawo. Chile ta gane wannan, a 2016 ta fara aiki da dokar da ta tilasta sa baƙin tambarin gargaɗi a kayan da sukari ko gishiri ko kitse ya yi musu yawa, ta kuma hana jan hankalin yara da kayan wasa a irin wannan abinci. Mekziko ta sa harajin feso ɗaya, kuɗin ƙasar, a kowace litar lemo mai sukari a 2014. Birtaniya ta yi nata a 2018, kamfanoni da dama suka rage sukarin tun kafin dokar ta fara aiki, don gudun biya. Haka aka yi da man nan mai toshe jijiyoyin zuciya da ake daskararwa a masana'anta: Denmark ta taƙaita shi a 2003, birnin New York ya hana gidajen abinci amfani da shi a 2006, suya kuma ba ta tsaya ba. Wato suna iya gyarawa, amma sai doka ta taɓa aljihu.

Yanzu batun ƙaninki. Don ya fahimci aikin, ya kamata ya san asalinsa. A 1948 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka rufe gidan abincinsu a San Bernardino ta jihar Kalifoniya, suka sake buɗe shi da sabon tsari. Suka sallami masu kai abinci ga motoci, suka rage nau'in abincin zuwa 'yan kaɗan, suka daina amfani da faranti sai takarda, suka rarraba girki gida-gida: wannan gasa nama kawai, wancan jera burodi, wancan naɗewa. Wani ɗan kasuwa mai suna Ray Kroc ya buɗe nasa reshen na McDonald's a 1955, ya saye kamfanin a 1961 kan dala miliyan 2.7. Hikimar tsarin ita ce ba a buƙatar kuku. Kowa za a iya koya wa cikin 'yan kwanaki, saboda haka kowa za a iya sauyawa cikin 'yan kwanaki. Albashin ma daga nan ya samo ƙanƙantarsa.

A kicin ɗin agogo ne mai gida. Tukunyar suya tana da nata ƙarar, na'urar gasa nama tana da nata, allon oda yana sauya launi idan an wuce lokaci. Duk wanda ya yi suya za ki gan shi da ɗige-ɗigen ƙunar mai a damtse. Ƙasa santsi, zafi ba a magana, tsayuwa daga farko har ƙarshe. Abin da ya fi gajiyar ciwo shi ne jadawalin aiki. Idan kasuwa ta yi sanyi a ce ka tafi gida, a yanke sa'o'in. Idan ta yi zafi a kira ka ranar hutunka. Mai iyali ba ya iya cewa ga abin da zai samu a ƙarshen wata. A Amurka, inda sana'ar ta fi ƙarfi, mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a sa'a tun 2009. Ma'aikatan gidajen nan ne suka fita yajin aiki a New York a Nuwamban 2012 suna neman dala 15, sai a Afrilun 2024 Kalifoniya ta kai na ma'aikatan manyan kamfanonin zuwa dala 20.

Kada kuma a ɗauka mai reshen yana kwance kan kuɗi. McDonald's yana da rassa sama da 40,000 a ƙasashe fiye da 100, amma kusan kashi 95 cikin 100 'yan kasuwa ne ke tafiyar da su da hayar sunan kamfanin. A irin wannan tsari mai reshe yana biyan kaso daga cinikin da ya yi, ko ya ci riba ko bai ci ba, wani lokaci har da hayar ginin, kuma ba ya sayen kaya sai inda aka amince masa. Abin da ya rage masa ya matse shi ne ma'aikaci. Manomi ma haka: kamfani yana son dankali mai tsawo iri ɗaya da kaji masu nauyi ɗaya a kai a kai, manyan gonaki ne kaɗai ke iya cika sharaɗin, ƙaramin manomi yana kallo.

Amma zan yi musu adalci a kan tsabta. Muna auna zafin nama da ma'auni, kowane mazubi yana da takardar lokacin da aka buɗe shi, wankin hannu a kan ƙa'ida yake. An tsaurara wannan ne bayan 1993, lokacin da naman boga da bai gasu sosai ba ya kwantar da mutane sama da 700 a Amurka, yara huɗu suka rasu. Sai dai wannan ƙa'idar ta lokaci tana da wani gefe da har yau yake damuna. Dankalin da ya wuce 'yan mintocinsa a ƙarƙashin fitila, da kazar da ta wuce nata, kwandon shara ake zubawa, lafiyarsu lau, a auna a rubuta. Inda na yi aiki ba a yarda ma'aikaci ya tafi da shi gida ba, wai kada a riƙa soya da yawa da gangan. Mutumin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata shi ne ake sa wa ya zubar.

Game da yara, kada ki hana su da faɗa, abin da aka hana ya fi shiga rai. Amma kada ki mayar da zuwa can ladan cin jarrabawa ko maganin kuka, don daga nan ne yake zama abin marmari. Idan kun je, ki sayi abin da kuka je saye kaɗai, ki ce a'a ga haɗin, ki karɓi ƙarami, a sha ruwa maimakon lemo. Mai karɓar kuɗin ba zai ji haushi ba, an umarce shi ne ya tambaya. Ku zauna ku ci tare a ajiye waya, kuma ki cire manhajar odar daga wayar da yara ke taɓawa, don tun da aka fara kawowa har ƙofa na ga yawan odar dare ya ƙaru, galibi ta mutum ɗaya.

Shi kuma ƙanin naki, idan ba shi da wani abin yi a hannu, ya karɓa. Zai koyi riƙe lokaci, lissafin kaya, haƙuri da jama'a da aiki cikin matsi, kuma za su amfane shi duk inda ya je. Kafin ya sa hannu ya tambayi sa'o'i nawa aka tabbatar masa a mako, ko ana biyan ƙarin lokaci, wa ke biya idan kuɗin akwati bai cika ba, da wa ke ɗaukar magani idan ya ƙone. Ya nemi takalmi mai kama ƙasa tun ranar farko. Sannan ya riƙa zuwa da abincinsa daga gida. Ana ba ma'aikata na gidan kyauta ko da rangwame, lemo kuma ga famfonsa nan a gefe, kuma na ga samari da suka zo a tsaye cak, cikin 'yan shekaru suka yi teɓa, wasunsu har an ɗora su a kan maganin hawan jini. Allah Ya ba shi sa'a, Ya raya miki yaran.