Amsa ga mai tambaya kan yadda ake tantance masu zane

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka kai zane ɗaya wanda kowa yake yabawa, amma ƙungiyar masu zane ta ƙi karɓarka, kana son sanin abin da ake dubawa. Na daɗe ina zama a irin wannan kwamiti a nan Bauchi, kuma kafin nan sau biyu ana mayar da ni gida da kayana.

Zane ɗaya ba ya wadatarwa. A wurinmu ayyuka biyar muke nema, sababbi, sai a rufe sa hannun mai su da takarda don kada sanayya ta shiga, a jera su a jikin bango. Abin da muke so mu tabbatar shi ne hannu ɗaya ne ya yi su, kuma mai hannun zai iya maimaita wannan ingancin gobe, domin sa'a takan ba mutum zane ɗaya mai kyau, amma ba ta ba shi biyar.

Ranar da aka fara ƙin karɓata, wani dattijo bai tsaya kallon fuskar zanen ba, sai ya juya bayansa, ya danna ƙyallen da yatsa ya ji ya saki, ya nuna mini ƙusoshin da na buga a karkace, sannan ya ce katakon ɗanye ne, hunturu ɗaya zai tanƙware shi. Na ji zafi matuƙa, amma gaskiya ya faɗa, kuma yau ni ma daga baya nake farawa.

Abin da ya fi kayar da matasa yanzu shi ne kwaikwayon hoton intanet. Tun 1958 ɗalibai masu koyon zane a Zariya irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka dage cewa a koyi dabarar Turawa, amma a zana abin gida. A ganina, mai kayan miya a Kasuwar Wunti da ka zauna ka zana da idonka, ko da kuskure a yatsunsa, ya fi fuskar da aka kwafo tsaf daraja.

Ka koma ka roƙi a faɗa maka dalili cikin ladabi, kuma idan za ka sake nema ka tafi da littafin da kake gwaje-gwaje a ciki, saboda a nan muke ganin yadda aikin ya faro. Allah ya ba da sa'a.