Me Ya Sa Ba Mu Zuba Komai a Girgije Ba?

Ka tambaye ni me ya sa manhajar lissafin bashin da muke rubuta wa 'yan Kantin Kwari take fara ajiye komai a cikin waya, alhali ga girgije nan, wato manyan kwamfutocin da ake ajiye bayanai a kansu ta intanet, a tura komai can a huta. Ja kujera, ɗana, don wannan tambayar ta taɓa zuciyar sana'armu.

Kana da gaskiyarka. Yawancin masu hulɗa da mu Tecno da Itel da Infinix suke riƙewa, kuma masu araha a cikinsu wurin ajiyarsu kaɗan ne. In manyan kwamfutoci suka ɗauki aiki mai nauyi, waya ta samu sauƙi, kuma ran da aka sace ta, littafin bashi bai tafi da ita ba.

Amma a ina kwamfutocin suke? Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya buɗe a Cape Town a 2020, Google kuma a Johannesburg a 2024. Wasu ayyukan ma a Turai ake ajiye su. To, duk lokacin da Alhaji mai shago ya danna "ajiye", saƙon zai hau turken sabis, ya bi waya zuwa Legas, ya shiga ƙarƙashin teku, sannan amsa ta dawo. Ka tuna 14 ga Maris, 2024, da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma? Har manhajojin bankuna sai da suka yi ta tangal-tangal. Ba ma sai an je teku ba. Shiga can ƙuryar wata filaza a Kwari da azahar, lokacin da kasuwa ta cika, ka ga yadda sabis yake ɗaukewa. Mai sayen atamfa da ya taso daga Maraɗi ba zai tsaya jiran da'irar da ke kan allon waya ta gama juyawa ba. Shi ya sa muke rubutawa a waya tukuna, in sabis ya dawo a tura.

Nan ne aikin gaske yake, ka buɗe kunne. A ce ana bin mutum dubu ɗari biyar. Ya ba Alhaji dubu ɗari a shago, ya ba yaron Alhaji dubu hamsin a tasha, duk wayoyin biyu babu sabis. Ta Alhaji ta ce saura dubu ɗari huɗu, ta yaro ta ce saura ɗari huɗu da hamsin. In jimilla kake turawa, wadda ta isa daga baya za ta shafe ta farko, kuɗin wani ya ɓata, kuma rigimar da za ta biyo baya da sunanmu za a yi ta. Saboda haka kada ka taɓa tura jimilla. Tura kowane biya shi kaɗai, da lokacinsa da lambarsa ta musamman, a can a haɗa lissafi. Lambar nan tana da wani amfanin: in sabis ya yanke waya ta sake turawa, za a gane saƙo ɗaya ne, ba za a rubuta shi sau biyu ba.

Kada kuma manhajarka ta riƙa leƙa intanet kowane minti, caji take sha, data take ci. Tara saƙonni ka tura a dunƙule, ka rage nauyin hotunan rasit. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, mutane suna lura da abin da ke cinye musu data, kuma goge shi suke yi.

Sai maganar kuɗi, wadda matasa suka fi mantawa. Hayar waɗannan manyan kwamfutoci galibi da dala ake lissafa ta, wata-wata, har fitar da bayananka daga wurinsu ana caja. Mu kuwa naira muke karɓa. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayar da manhaja da biya ɗaya tak, daga aljihunsa yake cike giɓin har yau. Ka gaya wa Alhaji tun farko cewa akwai kuɗin wata, ko da zai ɓata rai.

Abin da ya fi damuna shi ne amana. Sunayen mutane da lambobinsu da bashin da ake bin su, sirrinsu ne, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe su nauyi. Ka kulle bayanan a waya da kan hanya, kada yaron shago ya ga abin da bai shafe shi ba.

Gobe in sha Allahu ka ɗauki wayoyi biyu, ka kashe musu data, ka rubuta biya a kan mutum ɗaya a kowacce, sannan ka kunna. Ka kawo mini abin da lissafin ya nuna.