Na sayi kalar pastel amma ta ƙi kama takarda, ina matsalar take?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Zariya, na daɗe ina zane da fensir, yanzu kuma ina son in koyi pastel. Na sayi kwali mai kala 48 a shagon littattafai amma in na goga a takardar fotokofi sai garin ya riƙa zubewa, in na haɗa kala biyu ko uku kuma sai su dagule. Kalar ce ba kyau ko hannuna ne? Me ya kamata in saya, don kuɗin hannuna ba yawa.

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, hannunki lafiyarsa lau, babbar matsalarki takarda ce. Shi pastel mai laushi ai garin launi ne kawai aka kwaɓa da ɗan abin da zai riƙe shi, irin su ƙaro, aka murza shi ya zama sanda. Ba ruwa ba mai a ciki, ba ya shiga jikin takarda, a sama yake zama, to dole takardar ta kasance tana da kaushi da ƙananan ramuka da za su cafke garin. Ita kuwa takardar fotokofi sumul take, kamar ki zuba garin tuwo a kan madubi ne, shafa ɗaya ta cika, na biyu sai ya zame.

Amma kafin mu yi nisa ki duba jikin kwalin naki, don pastel iri biyu ne kuma ba sa haɗuwa. Akwai busasshe mai ƙura, akwai na mai, wanda aka haɗa da kakin zuma ko makamancinsa da mai, shi ba ya ƙura, maiƙo yake yi a yatsa. Kamfanin Sakura na Japan ne ya fara fito da na mai a 1925 saboda yaran makaranta, daga baya kamfanin Sennelier na Faransa ya yi na ƙwararru a 1949 saboda shahararren mai zane Picasso. Tunda kin ce naki gari yake zubarwa, busasshe ne, a kansa zan yi magana. Na mai kuma a zafin Maris da Afrilu ɗin nan namu laushi yake yi sosai in aka bar shi a rana ko cikin mota.

To takarda. In kuɗinki na abu ɗaya ne kawai, wallahi ki zuba shi a nan. Wadda aka fi farawa da ita ita ce Canson Mi-Teintes, nauyinta giram 160, fuska biyu gare ta, ɗaya mai ramuka irin na saƙar zuma ɗaya mai ɗan santsi, ni na fi son mai santsin don ramukan can suna fitowa a fuskar mutum su ɓata aikin. Ki zaɓi ruwan toka ko ruwan ƙasa, kar ki ɗauki fara, saboda a kan takarda mai matsakaicin duhu haske na fitowa tar, kuma gurbin da kala ba ta rufe ba ba ya ƙyalli ya dame ido. Sama da ita akwai Pastelmat ta Clairefontaine da UART mai yashi-yashi, su suna ɗaukar shafa a kan shafa sau da yawa ba su ƙoshi ba, sai dai tsada kuma yawanci sai an yi oda. In duk ba ki samu ba ki je wajen masu sayar da kayan fentin mota ki sayi samfefa mai laushi, lamba 400 ko 600, ki yi gwaji a kai. Tana cin kala, tana cin yatsa in kina murzawa, kuma ba ta aikin da za a sayar ko a adana shekaru ba ce, amma za ki gane yadda pastel ke zama in ya samu wurin kamawa.

Sai kalar. Masu arha ɗin nan alli ya fi yawa a cikinsu, launin kaɗan ne, shi ya sa suke fitowa fari-fari kuma baƙinsu ma toka ne. Kar ki zubar da naki, ki ci gaba da koyo da su, amma nan gaba maimakon wani babban kwalin ki nemi ƙaramin saiti na rabin sanda, Mungyo na Koriya yana da sauƙin kuɗi, Rembrandt na Holan ya fi shi kuma ana sayar da shi ɗai-ɗai. Abin da ake kallo ba yawan kala ba ne, a ce kowace kala kina da mai duhu da matsakaiciya da mai haske. Masu duhun nan su ne saitin arha ba ya bayarwa, shuɗi mai duhu, kore mai duhu, ruwan ƙasa mai duhu, musamman ke da wataƙila fatar mutanenmu za ki zana, wadda inuwarta ke son shunayya da shuɗi, haskenta kuma ruwan goro. Su Schmincke da Sennelier masu laushi sosai ki bar su tukuna, da kin danna suke ragargajewa. Fensirin pastel biyu uku, na Faber-Castell ko Stabilo CarbOthello, sun isa ido da leɓe.

Dagulewar da kika ce kuma daga murzawa ne. Pastel ba a haɗa shi a gefe kamar fenti, a kan takarda ake jera shi. Ki fara da gawayi ko sanda mai tauri ki fitar da siffa, ki sa duhu tukuna da hannu sako-sako yadda za ki riƙa hango takarda ta ƙasa, sannan matsakaici, haske shi ne na ƙarshe kuma nan ne kawai za ki danna. Ki karya sandar biyu ki riƙa shafawa da gefenta. Yatsa a shafar farko kaɗai, bayan nan ki bar kala ta hau kan kala. Ja da kore ko shuɗi da ruwan goro in kika murza su tare toka za su ba ki ko da wace irin kala kike aiki. Ki sa lemo ɗaya kusa da taga ki zana shi da kala biyar, gobe ki sake, ya fi miki fuskar mutum a yanzu.

Kar ki busa ƙurar da baki, don Allah, huhunki take komawa, wasu launukan ma akwai sinadarai irin kadmiyam da kobal a ciki. Ki jingina allon a tsaye garin ya sauka ƙasa, ki ɗaga takardar ki ɗan bubbuga bayanta a waje, ki kashe fanka, ki ajiye jiƙaƙƙen tsumma na goge hannu. Sandunan in sun yi dauɗa ki zuba su a roba da ɗanyar shinkafa ki girgiza a hankali, za su fito fes.

Maganin feshi da ake sayarwa don riƙe gari yana duhunta kala, ki fesa kaɗan a tsakiyar aiki in takarda ta cika, ba a ƙarshe ba. Wanda ake fesa wa gashin kai kuwa kar ki kusance shi, yana sa takarda ta yi rawaya. In kin gama ki rufe zanen da takarda mai santsi irin ta kwafar zane, ki ajiye shi a kwance inda danshin damina ba zai kai ba, in kuma firam za ki sa ki gaya wa mai firam ya bar tazara tsakanin gilashi da zanen, in ba haka ba garin zai manne a gilashin.