Wasan taubasai da abin da ake yi wa yaron nan a makaranta

'Yata, na yi murmushi da na ji wai baban yaron ya ce tsokanar da siniya ke yi masa a makaranta al'ada ce, haka ake zama namiji. Amma da kika ce yaron, ɗan shekara 13, ya dawo hutu ba ya cin tuwo, kuma cikinsa na murɗawa duk ranar da aka ambaci komawa makarantar kwana, sai gabana ya faɗi.

A zamaninmu wasa yana da ƙa'ida. Ranar cika-ciki taubasai kan tare juna a ƙofar gida, ɗan mace da ɗan namiji, ana neman kuɗin shara, ana "bawana, kawo!" A fizge hula, a bi juna da gudu har bakin rijiya. Wanda aka tsokana yana da bakin ramawa, kuma tsofaffi na zaune a zaure suna kallo. Da idon yaro ya kawo ruwa, sai wata kaka ta tafa hannu, wasa ya mutu nan take. Da daddare kwano ɗaya za su ci. Haka Kanawa da Zagezagi suke yi, haka Fulani da Barebari.

Siniya mai ƙwace masa bokiti da garin kwaki, ya sa shi tsallen kwaɗo bayan an kashe fitila, wa ke tafa masa hannu? Wannan cin zali ne. Abin da ya fi dukan ciwo shi ne kaɗaici: yaro ya fara zaton laifinsa ne, ya daina faɗa, barci ya lalace, maki ya zube. Juriya kan tsiro ne inda yaro ke da babba ɗaya da ya yarda da maganarsa, da aboki ko da guda. Iyayenmu kan ce labarin zuciya a tambayi fuska, ku kuwa yanzu fuskokinku na kan waya.

Kada ki tambaye shi a gaban ƙannensa. Ja shi gefe kuna ɓarar gyaɗa, ki yi shiru ya fara. Kada ki ce "rama", ƙara masa duka za a yi. Rubuta rana, wuri da abin da aka yi, ki kai wa malamin ɗakin kwana da kanki, ki roƙa a sauya masa ɗaki ba tare da an kira sunansa a taro ba. Koma bayan mako 2 ki duba. In ƙuncin ya wuce mako 2, ko ya ambaci gara ya mutu, asibiti a ranar.

Babansa kuwa, ki turo mini shi bayan la'asar.